Ɗigon Shuni a Bayan Rumbu

Tun ina ƙarama kunya ta yi mini yawa. Ko sallamar baƙo na ji daga nesa, sai in ruga bayan rumbun gero in lafe har ya tafi. Garinmu na kan hanyar ayarin raƙuman Abzin, ga rijiya mai ruwa, don haka baƙi ba sa yankewa. Rabin ƙuruciyata a bayan rumbun nan na yi ta. Babanmu mutum ne mai son jama'a, ni kuwa na girma da zaton kunyar samun ɗiya irina yake ji. Har ya rasu ban taɓa tambayarsa ba.

Bayan an kai ni gidan miji a wajen Dakoro, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta koya mini adon ɗaki. Farar ƙasa muke jiƙawa, da ja, mu daka gawayi, mu roƙi guntun shuni wajen marina, mu haɗa da ƙaro don ya kama bango. Sauran mata layuka suke ja da zanen ƙafar kaza. Ni ma haka na yi ta yi, har shekarar da aka aiko mini cewa garinmu ya tashi, rijiyar ta ƙafe.

Da rani ya shigo na shafe bangon gabas, na fara zana gidanmu. Na yi tsakar gida da jar ƙasa mai haske, irin ta hantsi. Na tsayar da bishiyar gawon ƙofar gida da gawayi. Rumbun na yi shi fari, babba fiye da yadda yake. Ban zana mutum ko ɗaya ba. A gefen rumbun dai na dangwala shuni da ɗan yatsa, na goge rabinsa. Da na gama sai na rataya tabarma na rufe, don kada a tambaye ni.

Ana nan sai ga yayana, wanda ya bi fatake tun kafin aurena. Ya shigo gaishe ni, ya jingina da tabarmar, ta zame ta faɗi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna ɗigon.

"Auta, wannan ai ke ce, da ɗan zanenki na saƙi."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Yaya, Baba ya sha takaicina, ko?"

"Takaici? Wa kike tsammani ke share bayan rumbun nan? Kullum da safe sai ya zagaya da tsintsiya saboda kunama. Ya hana mu ajiye itace a wurin. In baƙo ya tambayi autarsa, cewa yake tana nan, tana jinku, ba ta shirya ba ne."

Na zauna a ƙasa na yi kukana har na ƙoshi, yayana bai hana ni ba. Da na tashi jikina sakayau, kamar na sauke tulu.

Ya sake duban bangon ya ce na manta da saniyar inna. Na ce ja ce, ya rantse baƙa ce mai farin goshi. Muna cikin musu mijina ya dawo daga daji, ya tsaya a bakin ƙofa yana mamaki, don bai taɓa jin na ɗaga murya haka ba.