Koriyar Fitila a Saman Kabad

Lokacin da nake aiki a Garki, na ɗora wata tsohuwar kwamfuta a saman kabad ɗin ɗakinmu na Mararaba. Na zuba mata hotunan gida da rubuce-rubucena, na haɗa ta da intanet don in buɗe su daga duk inda nake. Idan go-sulo ya riƙe mu, sai in lumshe ido a cikin bas, in hango 'yar koriyar fitilarta tana ƙyaftawa. Ji nake kamar ɗakin ne ke biyo ni cikin gari.

Amma kullum da hantsi shafin sai ya ƙi buɗewa. Ashe aikin matata ne. Ba ta fita sai ta kashe kowane soket, kada a kawo wuta da ƙarfi kaya su ƙone.

"Maigida," in ji ta, "ka sa abin a laftof ɗinka mana, ka tafi da shi."

Raina ya ɓaci, amma na sa. Tun daga nan bai ƙara ƙin buɗewa ba. Sai dai yanzu in na lumshe ido a go-sulo, ɗakin duhu nake gani.