Ranar da Inna ta bi gida-gida karɓar kyautarta

Wata ranar Alhamis, ana saura kwana kaɗan a kama azumi, a shekarar da na shiga aji uku, Inna ta hauro tudun Nakkasa, unguwarmu a Makka, da ƙatuwar baƙar leda a ka. Muna zaune a matakalar siminti ni da Zainabu, ƙawata 'yar maƙwabta, muna 'yar carafke, sai muka ji ledar tana ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano. Inna ta sauke ta a tsakar gida tana haki, ta kwance bakin, ta zazzage a kan tabarma. 'Yan bulon roba ne, ja da shuɗi da rawaya da toka-toka, masu ƙananan ƙusoshi a sama, in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna. Har da 'yan tagogi, da ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Ban taɓa ganin irinsu ba sai ta bayan gilashin kanti.

Inna aikatau take yi a wani gidan Larabawa a unguwar Utaibiyya, shara da wanki da guga. Matar gidan, wadda Inna take kira Amma, ita ce ta share ɗakin ajiya saboda azumi, ta ci karo da kayan wasan ɗanta da ya tafi karatu ƙasar waje, ta ce wa Inna ta kwashe ta kai wa yara. Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya riƙe abu ita kaɗai ba. Ko ƙashin rago aka ba ta sai ta aika wa maƙwabta romo. Tun kafin in gama murna ta ɗauko gwangwanin madara ta soma awo, kowane gida mai yara a lungunmu gwangwani guda. Ni na yi ta kaiwa ina kumbure-kumbure, tana bina da faɗa, wai abin da aka ba ka don Allah ba a kulle shi a ɗaki.

Ashe gara da ta raba. Gwangwani ɗaya ba ya gina komai, dole muka riƙa haɗawa. Kullum in an yi la'asar, bayan mun gama jidar ruwa da jarka daga motar ruwan da take tsayawa can ƙasan tudu, mun sayo burodin tamis, mun wanke kwanuka, sai kowa ya fito da nasa mu baje a saman rufin su Zainabu. Maza motoci suke yi da jirage, su yi ta karo da su har su tarwatse. Mu mata gida muke ginawa, kuma yanzu da nake tunawa, abin da ba mu da shi shi muke sa wa gidan. Banɗaki a cikin ɗaki. Tankin ruwa a sama, don kada 'yar gidan ta ɗauki jarka. Ƙofa biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, saboda Zainabu ta ce in 'yan kame suka zo neman marasa iƙama, wato takardar zama, babanta ya samu ta inda zai fita. In an kira magariba mu rushe, kowa ya tsince nasa, a yi ta rigima a kan taga ɗaya har wata uwa ta leƙo ta daka mana tsawa. Haka muka cinye azumin nan, ko yunwar rabin yinin da ake sa mu yi ba ma ji.

Bayan Sallah ɗan Amma ya dawo. Namiji ne sosai, da gemunsa, ana ma maganar aurensa. Ya nemi kayansa bai gani ba, gida ya ɗauki zafi. Wai ba kayan wasa ba ne, wani tsohon gini ne da aka daina yin irinsa, manya ne suke tarawa su haɗa su ajiye. Amma ta kira Inna ta ce ta yi haƙuri, kuskure aka yi, a dawo da su duka. Inna ba ta da takarda. Gidan nan shi ne inda aka san ta, ba a tambayarta komai, kuma da abin da take samu a can ake biyan hayar ɗakinmu. Ba ta da bakin cewa an riga an bayar.

Ta dawo ranar ba ta ci abinci ba. Washegari da hantsi ta yafa mayafi, ta miƙo mini ledar nan ta ce in biyo ta. A wurinmu ka ba mutum abu ka dawo ka ce ya ba ka, ko yaro ya yi sai an yi masa dariya, balle babbar mace mai 'ya'ya. Na ga Inna tana tsayawa a ƙofar kowane gida ta daɗe kafin ta yi sallama. Ta gaisa, ta tambayi lafiyar kowa har da wanda ke Kano, sannan ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta. Wasu suka ce ba komai, suka shiga lalube ƙarƙashin katifa. Goggo Tabawa, mai sayar da hatsin tantabaru a hanyar Harami, ta riƙe haɓa ta ce, "Au, ya Ummu Safiya, ashe aro kika ba mu? To romon ran nan fa, shi ma in amayo miki?" Matan gidan suka kwashe da dariya. Inna ma ta yi dariyar, ta karɓi bulon ta zuba a ledar, muka fito.

Gidan su Zainabu ya fi ciwo. Ta dunƙule ƙofar nan ta biyu a hannu ta ƙi saki. Sai uwarta ta kama yarinyar ta kwaɗa mata mari, ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta jefa ƙofar cikin ledar da nake riƙe da ita. Zainabu ba Inna ta kalla ba, ni ta kalla. Mun ci gaba da haɗuwa a layin ruwa shekara da shekaru, muna gaisawa, amma ban ƙara hawa rufinsu ba, ita ma ba ta ƙara kirana ba.

Ni na raka Inna mayarwa, saboda tana ɗauke da kayan guga. Ɗan Amma ya buɗe ledar ya leƙa, ya ɗan ja da baya. Ya sa aka kawo baho da sabulu da tsohon burushin haƙori, ya ce da Larabci, a hankali, ba da faɗa ba, "Ki wanke su sosai, ya Hajja, ba a san hannun da ya taɓa su ba." Ina tsaye a wurin. A Makka aka haife ni, babu kalmar da ta wuce ni. Inna ta ce "Tayyib," wato to, ta durƙusa, ta yi ta goge bulon ɗaya-ɗaya har azahar, ni ina shanyawa a kan tawul. Da zai wuce ya miƙo mini lemon kwali mai sanyi, har ya shafa kaina. Na sha kuwa, don ina jin ƙishi, kuma wannan shan ya fi komai tsaya mini a rai. Ta ƙofar ɗakinsa na hango kabad na gilashi, da fitila a ciki, jirgin ruwa da dogayen gine-gine a jere, babu mai taɓa su. Daga baya namu ma ya shiga ciki, an mai da shi wata ganuwa mai hasumiya. Inna ce take goge gilashin duk mako har ƙarfinta ya ƙare.

Aikinta bai tafi ba, amma tun daga ranar ba ta ƙara raba abin da aka ba ta a gidan aiki ba. Ko mu ba ta ba mu. In an ba ta riga ko takalmi sai ta yi godiya, ta ƙulle a leda ta tura ƙarƙashin gado, ta ce a bari tukuna, ba a sani ba ko za a nema. Da aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti za a rushe unguwar, ina da aure lokacin, muka je kwashe mata kaya. Muka jawo ledoji fal rigunan yara masu kyau, daidai jikina na wancan lokacin, ɓeraye sun cinye rabi. Babu wanda ya taɓa zuwa nema.

Yanzu muna zaune a bene a unguwar Mansur, ruwa na zuwa har kicin, lungunmu kuwa ko wurinsa ba zan iya nunawa ba. Ƙanin mijina yana sayen irin waɗannan bulon a akwatuna manya-manya, an rubuta a jiki na manya ne. Yakan kwashe makonni yana haɗawa, ya jera a falo, yarana in mun je su tsaya da hannu a baya suna kallo. Ban ga laifinsa ba, guminsa ne, kuma ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya game da ɗan Amma, wataƙila ma ya manta an yi. Sai dai kwanakin baya ƙaramar 'yata ta dawo daga makaranta da gudu, ƙawarta ta ba ta ɗan abin ɗaure gashi, tana so ta raba da 'yar uwarta. Na ji bakina yana cewa, "Mamarta ta sani? Ajiye shi tukuna, kar ki ba kowa." Ta sa a aljihu, murnar ta bar fuskarta, ta shige ɗaki. Na daɗe a tsaye da ludayi a hannu. Wannan ne gadon da bai kamata in karɓa ba.