Furar Hannun Hagu

Kirci ya kama ni a hannu biyu shekara guda bayan rasuwar maigidana, lokacin ina zaune da 'ya'yana uku a gidan yayana kafinta a Unguwar Kanawa. Turawa na nan a lokacin, ana ta maganar mulkin kai amma bai zo ba tukuna. Sana'ata fura. Kullum in surfa gero in wanke, in daka da citta da kanumfari da barkono, in cura in dafa, in kirɓa, sannan in zauna in mulmula. Kafin hantsi ya ɗaga matan Fulani sun iso daga wajen Rafin Guza da ƙorensu na nono, su kwashe abin da na yi, su bazu wajen masinjoji da leburori. Da wannan nake ci da marayuna, kuma da shi nake iya ɗaga kai a gidan da ba nawa ba.

Wanda bai taɓa yin kirci ba bai san ƙaiƙayi ba. Bayan hannu ya yi kaushi ya tsattsage, tsakanin yatsu ya yi ta tsattsafo da ruwa, in yaji ya shiga sai ka ji kamar ka cire hannun ka ajiye gefe. Na sha sassaƙe, na shafa man kaɗe, an yi mini rubutu na sha, duk a banza. Fulanin suna gani ba su damu ba. Kowa ya san kirci ba kuturta ba ne, ba a ɗauka, kuma sun san ba na taɓa fura sai na wanke hannu da sabulun salo.

Muna da wani maƙwabci malamin asibiti, mai farar riga da keke da alƙaluma biyu a aljihu. Ba mugu ba ne a fuska, sai dai irin mutanen nan ne da in sun san abu guda sai duk unguwa ta ji sun sani. Shi ya aiko matarsa ta gaya mini cewa wani likita Bature ya zo ɗakin shan maganin da yake aiki, yana binciken kirci, yana neman masu shi a hannu biyu, kuma kyauta ne. Ban tsaya shawara da kowa ba, washegari na yafa gyale na tafi.

Na tarar da mata da maza a kan benci, kowa ya ɓoye hannu a cikin tufa. Likitan dogo ne, wuyansa ja wur, ba ya jin Hausa sai sannu. Malam maƙwabcin namu ne tafinta. Ya ce akwai man shafawa iri biyu, ɗaya a gwangwani mai jan fenti, ɗaya a mai shuɗi. Za a riƙa shafa wa kowane hannu nasa daban har wata uku, don a ga wanda ya fi. Kullum bayan azahar mu zo malam ya shafa, ya ɗora auduga ya naɗe da bandeji, mu kwance da asuba. Ran Alhamis likita zai duba da kansa. Shi kuwa ran Alhamis ɗin sai ya riƙe hannunka ya yi ta juyawa, yana zana shi a wani babban littafi, yana ɗiga inda ciwon yake.

Likita bai ce wane hannu zai sami wane gwangwani ba, ya bar wa malam, sharaɗinsa kawai in an fara kada a sauya. Shi kuwa malam jan gwangwanin ne a damansa, da shi ya fara, kuma hannun da ya fi kusa da damansa in kana fuskantarsa shi ne hagunka. Haka muka tashi dukanmu, ja a hagu, shuɗi a dama. Bai taɓa tsayawa ya tambayi ko mutum ɗaya da wane hannu yake neman abinci ba.

Cikin mako biyu haguna ya warke sumul, har na riƙa kallonsa ina mamaki. Dama kuwa sai abin da ya ci gaba. Ba sai an gaya mana ba, duk wanda ke kan bencin nan ya gane maganin yana cikin ja, shuɗin holoƙo ne. Na roƙi malam.

"Malam, don girman Allah ka juya gwangwanin nan. Da dama nake aiki."

"Mai fura, wannan bincike ne, ba cinikin kasuwa ba," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "In na juya, littafin likita ya ɓaci, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ki yi haƙuri."

Wata safiya na kwance bandeji na ga daman yana ta ruwa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ga gero na riga na kirɓa, ga Fulani na hanya. Tsakanina da Allah ba zan iya sa wannan hannu a abincin mutane ba. Na wanke hagu, na sake wankewa, na kuma, na juya baya ga ƙofa na mulmula furar ranar da shi. Babu wanda ya gan ni. Ni da bakina na je na faɗa. Da azahar na miƙa wa malam daman na ce, "Dubi, Malam. Yau sai da hagu na mulmula." Na faɗa ne don ya ji tausayina. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya ce, "Kin ga ƙarfin maganin ko!"

Da yamma ya je majalisarsu ta gindin bishiyar bedi a ƙofar masallaci, ya baje kolin ilimi. Yana yabon maganin da shi da likita suke gwadawa, ya kawo ni misali: hannun mai fura ya warke har da shi take mulmula. Wani ya ce wane hannu? Ya ce hagu mana.

Kwana biyu bayan nan na yi fura na jera a faifai, na ji muryoyin Fulani sun wuce ƙofarmu ba su shigo ba. Na aika babbar 'yata ta kira mini dattijuwar cikinsu, wadda muka shekara biyar muna hulɗa. Ta shigo ta ƙi zama.

"Aradu ni ban ƙi ki ba, kaɗo," ta ce. "Amma masu saye suna tambaya ta gidan wa ce. In na ce taki, sai su ce hannun tsarki, su ture ƙwaryar. Nonona zan zubar?"

Na rantse mata cewa sau ɗaya tak na yi da hagu, na nuna mata sabulun. Ta ce ta yarda, amma ba ita ke sha ba. Furar ranar mu muka sha, muka kwana muna sha, sauran ta yi tsami na ba akuya. Kafin mako ya zagayo yara sun sa mini waƙa, suna bin 'ya'yana da ita har bakin rijiya. Matar yayana ta fara auna mana tsaba da ɗan ƙaramin kwano tana kallon gefe.

Yayana ya je ya sami malam, ya ce ya fito ya gyara maganarsa. Ya dawo ransa a ɓace. Wai malam cewa ya yi, "To ni ƙarya na yi? Ita ta gaya mini." Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Da ya ce kuskure ne, wataƙila da na yi kukana na bar shi da Allah. Amma na tsane shi a ranar, tsana irin wadda ban taɓa yi wa mahaluƙi ba, na kuma ƙudura cewa yadda ya raba ni da turmina sai na raba shi da farar rigar nan. Hanyar ma shi ya nuna mini da bakinsa.

Ban fasa zuwa asibiti ba. Kullum in gaishe shi har ƙasa, in miƙa hannu. Ina isa gida sai in kwance bandejin duka biyu, in kankare man hagu da bayan cokali in shafa a dama, in musanya audugar, in mayar in naɗe. Kwana goma dama ya fara bushewa. Sai na tafi wajen wata mai kitso da muke zama benci ɗaya, wadda ita ma daman ya hana ta aiki. Na nuna mata hannuna. Ta yi salati ta ce me na samu? Na gaya mata, na kuma gaya mata dalilina, ban ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Ƙawata, ni dai hannuna nake so. Abin da ke tsakaninki da shi, ku kuka sani." Ita ta koya wa sauran matan, mijinta mai wanki da guga, da shi ma yake karɓar maganin, ya koya wa maza. Su ba su san da wata ramuwa ba. Mutum aka ce ga yadda damansa zai warke, wa zai ƙi?

Alhamis ta farko bayan haka likita ya ɗan daɗe a kan hannuna. Ta biyu ya yi ta buɗe littafi baya yana dawowa, yana duban zane yana duban hannu. Daman kowa na warkewa, hagun wasu ya fara komawa gidan jiya. Ya yi wa malam tambaya da Turanci, malam ya amsa yana share gumi. Ina zaune ina kallon keyarsa, wani sanyi na ratsa zuciyata. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji.

Alhamis ta uku likita ya zo da wata nas, 'yar kudu mai jin Hausa. Ya sa malam ya fita waje, ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Tambayar guda ce: wane gwangwani ake shafa wa wane hannu? Waɗanda suka riga ni duk tsoro ya kama su, kowa ya ce shi ba ya kallo. Da aka zo kaina na zauna na sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, likita ya ce ki faɗi gaskiya, ba abin da za a yi miki," in ji nas ɗin. "Kina taɓa bandejin in kin je gida?"

"Ni? Wane ni in taɓa aikin likita."

"To wanne ake sa miki a dama?"

"Ranki ya daɗe, ni jahila ce. Wata rana ja, wata rana shuɗi. In hira ta yi wa malam daɗi, wanda hannunsa ya kai kawai."

Ta juya wa likita da Turanci. Na ga jan wuyan nan ya hau har kunne. Ya yarda nan take, don shi ma ya sha jin surutun malam ta tagar ofishinsa. Ya rufe littafin a hankali, ya ce na gode da Hausarsa ta koyo. Na tashi na fita, na wuce malam a baranda yana tsaye riƙe da hularsa, na ce masa sai gobe.

Ba a yi goben ba. An sallame shi a makon. Abin da ban lissafa ba shi ne likita zai tattara nasa ya nasa shi ma. Nas ta gaya mana a bakin ƙofa cewa binciken ya lalace, ba a san wane magani ya yi aiki ba, an mayar da gwangwanayen inda suka fito. Muka ce mu ai mun sani, ja ne. Ta ce saninmu ba ya shiga littafi. Kafin damina ta ƙare kirci ya dawo mana dukanmu, hagu da dama. Mai kitso ta daina gaishe ni, ko da yake har ta mutu ba ta tona ni ba. Fulani kuma ba su dawo ba. Korar malam ba ta goge waƙar daga bakin yara ba. Na koma surfe da daka a gidajen ma'aikata, ina yi wa matan akawu aikin da a da nake yi wa kaina.

Ranar da zai koma garinsu da iyalinsa ya yi abin da kowane matafiyi ke yi, ya bi gida gida yana sallama da neman gafara. Ya zo zaurenmu, yayana ya kira ni, na tsaya a bayan asabari. Babu farar riga, wata tsohuwar taguwa ce a jikinsa.

"Mai fura, zan tafi," ya ce. "Sai da na zauna a gida na gane abin da bakina ya jawo miki. Ki yafe mini." Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da kika gaya wa likita kuma, nas ta faɗa mini. Ni na yafe miki duniya da lahira."

Ban san ya sani ba, kuma yayana ma sai a lokacin ya ji. Amma ba kunya ce ta kama ni ba, wani sabon haushi ne ya taso mini. Wato ya raba ni da sana'ata, yanzu kuma zai tafi da ladan yafiya ya bar ni da nauyi? Abin da ake faɗa a irin wannan wuri kalma huɗu ce, yaro ma ya san ta: Allah ya yafe mana. Yayana ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Mota na jiran mutumin a bakin titi, yaransa na kiransa.

Na ce, "Malam, ban roƙe ka ba."

Ya jira har yayana ya kama hannunsa ya raka shi waje. Yau shekaru masu yawa ke nan, na ji labarin ya rasu, na yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi. Kalma huɗun nan dai suna nan wurina, ban ba shi ba.