Sistar da Ta Raka Direba Kan Gada

Kullum kafin asibiti ya cika, Sista ta riga ta share ɗan ɗakinta na ƙarshen baranda, ta ajiye kujeru biyu suna kallon juna. Ɗakin masu ciwon fargaba ne, wanda ake shiga ana waige kada wani ya gani. A watan nan za ta yi ritaya, kuma babu mai tsoron ranar kamar wani direban motar makaranta.

Shi a tsakiyar babbar gada abin ya fara kama shi, mota cike da yara. Ƙirjinsa ya ɗaure, hannuwansa suka yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Ya sakankance mutuwa ce ta zo, kuma har da 'ya'yan mutane za ta tafi. Aka auna zuciyarsa, aka ce lafiya lau. Ya koma zagayawa ta doguwar hanya, yara suna makara, har shugaban makaranta ya ce ko ya hau gada ko ya ajiye makulli.

"Sista, haukacewa zan yi?" ya tambaye ta ranar da ya fara zuwa ɗakinta.

"Ba hauka ba ne, ɗan'uwana. Fargaba ce, kuma tana da magani. Amma gudun gadar nan shi ke ƙara mata ƙarfi."

Ta haɗa shi da likita, ta koya masa jan numfashi a hankali. Ranakun hutunta takan shiga motar babu yara, ta zauna gefensa. Mai facin taya na bakin gada shaida ne: ya sha ganin sun tsaya, direba ya jiƙe sharkaf da gumi, sun juya. Wata rana sai ya ga sun wuce.

Sista, ke ce kika zauna kusa da mutumin da fargaba ta kama a kan sitiyari, ba ki ko kama ƙofa ba. Mu da muka iya ba da shawara daga nesa, kunya ta kama mu.

Jiya direban ya ce mata, "In fargabar ta dawo bayan kin tafi fa?"

"Tana iya dawowa," in ji ta. "Amma yanzu ka san ta, ka kuma san ƙofar likita."

Yau da safe gabansa ya faɗi a bakin gada. Kujerar gefensa babu kowa, yara na ta surutu a baya. Ya ja numfashi, ya hau.

Mun gode, Sista, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma, in wani ya ce muku yana jin tsoro, kada ku ce masa ya daure kawai. Ku raka shi.