Neman Jan Tauraron Kawu Ladan

Laraba, fita daga gida

Ƙarfe uku da kwata na dare na turo babur daga zaure, Kawu Isuhu na biye da ni da sandarsa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu, nan arewa da Gaya, tun ina rarrafe. Ni malamin firamare ne, ban kuma saba fita a irin wannan lokaci ba sai in haihuwa ce ko rasuwa.

Abin da ya fito da mu wata jar wuta ce mai ƙyaftawa a sama, ta wajen arewa maso gabas. Shekara biyu ke nan Kawu yana cewa tauraro ne, da zarar ya ɗauke to alfijir ya keto. Da shi yake kiran sallah, ba a kuma taɓa kama shi da kuskure ba. Sai watan jiya tauraron ya fara sammako. Kawu ya kira sallah ƙarfe huɗu, ya dawo uku da rabi. Ran Litinin masu azumin nafila ko ruwan kunu ba su ɗora ba suka ji muryarsa. Dattawan masallaci suka ce ran Juma'a za su miƙa lasifika ga wani. Kawu ya ce ba ya sauka sai ya je ya ga abin da ya sami tauraronsa, ni kuma laifina kawai ina da babur.

Mun yi kilomita huɗu muna bin wutar ta tsakiyar gonaki sai muka tarar da gungume an gitta a hanya, 'yan sintiri uku na zaune. Babbansu ya haske mu da tocila ya tambayi inda za mu.

"Wajen tauraro," in ji Kawu.

Mutumin ya daɗe yana kallona, ni ba Kawu ba, sannan ya janye gungumen ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Ƙarfe huɗu saura ashirin wutar ta ɗauke. Ina ji Kawu ya gyara murya a bayana, ya saki kafaɗata zai kai hannu kunne. Na ce ya rufa mini asiri, a garin mutane muke. Sai a nan hankalina ya kai ga abin da ya kamata in gane tun a zaure: wanda ke bin wuta, in ta mutu ba shi da sauran hanya.

Gaya

Muka juyo Gaya, muka yi asuba, muka zauna teburin wani mai shayi kusa da tasha. Kafin mu gama burodi an bayyana mana tauraron kashi uku. Mai shayin ya ce jirgin sama ne. Da Kawu ya tambaye shi wane irin jirgi ne yake shekara biyu a wuri ɗaya, sai ya ce ai man jirgi ya yi tsada. Wani direban adaidaita ya rantse tauraron ɗan'adam ne da ke ƙirga shanu. Wani ɗalibi ya ɗaga wayarsa sama da safe tsaka, ya ce manhajar ta nuna babu komai a wajen. Raina ya ɓaci, don na ga Kawu ya fi yarda da mai zancen shanun.

Ajingi

Sha ɗaya da rabi muka kama hanyar Ajingi. Taya ta yi faci sau ɗaya, muka shiga gari bayan azahar. Muka ci ɗanwake, muka kwanta a inuwar masallaci muna jiran dare kamar jemagu. Ana idar da magariba wutar ta bayyana, ta ƙara girma, ta kuma sauko ƙasa-ƙasa ta wajen Gafasa. Kawu ya ce ka gani, tauraron ma ya san mun zo.

Kusa da Gafasa

Minti talatin da biyar muka yi a kan burji. Wutar na ta ƙaruwa har muka tsaya a gindinta. Ƙarfen sabis ne na waya, dogo, an kewaye shi da shinge, fitilar na can a ƙolinsa tana ta ƙyaftawa. Na kasa duban Kawu.

Maigadin wurin wani dattijo ne, Malam Haladu. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya dama fura, sannan ya ji abin da ke tafe da mu. Ya ce a da fitilar da kanta take kunnuwa ta mutu, amma shekara biyu da suka wuce abin ya lalace, sai aka nuna masa makunni. Da magariba ya kunna, in ya farka ya kashe. Na tambaye shi me ya sa kwanan nan yake farkawa da wuri.

"Wallahi ɗana, maganin hawan jini aka sauya mini. Wannan sabon fitsari yake sa ni. In na fita kewayawa sai in kashe ta gaba ɗaya, kar in sake tasowa."

Wato wata guda cur jama'ar ƙauyenmu suna bin marar Malam Haladu zuwa masallaci. Dariya ta taso mini, na haɗiye ta da fura. Kawu ya ajiye ludayi ya ce da maigadin, ba da ni ba:

"Malam, idona ya tafi. Ban ganin alfijir, ban ganin agogo. Duk sararin nan wannan jan kaɗai nake gani."

Ni da nake gaishe shi kullum ban taɓa sani ba, kunya ta kama ni ƙwarai. Na ce zan saya masa agogo mai ƙararrawa. Ya ce abin da ransa ke cikin batir ba a ba shi amanar sallah, mutum ake ba. Malam Haladu ya ce in haka ne ya karɓa. Zai tashi fitsarinsa ko sau nawa ne, amma ba zai taɓa makunni ba sai ya ga alfijir da idonsa, don nasa idon ƙalau yake. Suka yi musabaha. A nan muka kwana, sauro ya yi mana abin da ya ga dama.

Alhamis, komawa

Bakwai na safe muka taso, sha ɗaya muna gida. Dattawa na zaune a ƙofar masallaci. Ina shirya yadda zan lanƙwasa maganar, sai Kawu ya riga ni. Ya ce ba tauraro ba ne, wani tsoho ne irinsa, ya kuma faɗa musu batun idonsa bai rage komai ba. Liman ya ce a ba shi daren nan a gani.

Ban runtsa ba. Tun ƙarfe uku ina tsakar gida da waya a hannu, ina kallon jar wutar ina roƙon Allah ya ƙarfafi bawansa Haladu. Huɗu ta wuce tana nan. Huɗu da rabi tana nan. Biyar da 'yan mintoci, gabas ta fara fari, ta ɗauke. Ban gama sauke numfashi ba muryar Kawu ta cika gari. Ran Juma'a babu wanda ya tayar da zancen lasifika.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Haladu, wanda har yau yake riƙe da asubar garin da bai taɓa takawa ba.