Sunan Baba Ɗanladi da aka soke

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, amma in na tuna abin da aka yi masa, har yau raina ɓaci yake yi.

Malamin makaranta ne a Malumfashi. A farkon shekarun 1980 ya shiga binciken noman auduga don neman digiri. Lokacin ba kwamfuta. Kwalin sabulu yake yayyankawa, kowane littafi da katinsa: marubuci, shekara, shafi. Mukan yi masa tsiya cewa katunan sun fi matarsa samun kulawa. Kuma manomi ma kati yake yi masa. Baba Ɗanladi na Mahuta, tsohon da ya koya masa halin tsutsar auduga, katinsa na jingine da na wani Bature. Yaya ya yi masa alkawarin sunansa zai fito a littafi.

Mai duba aikin ya bi jerin manazarta da jan biro, ya soke manoman kaf, wai ba su taɓa wallafa komai ba. Bayaninsu kuwa ko harafi bai taɓa ba. Ni sata nake kiran wannan.

Na raka Yaya Mahuta kai wa Baba Ɗanladi littafin. Tsohon bai iya boko ba. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Malam, ɗora mini yatsa a kan sunana."

"Baba, sun cire."

"To maganar tawa fa?"

"Tana ciki."

Tsohon ya ce, "Ashe ita kaɗai suke so."

Yaya ya rufe littafin, muka kama hanyar gida.

Yau jikarsa Hadiza na jami'a, tana da manhajar da ke jera manazarta da dannawa ɗaya. Da Yaya ya gani da ya yi murna, mutumin da ya sha sake buga shafi a tafireta saboda waƙafi ɗaya. Amma na san sai ya tsawata, don ɗalibai na kwasar maganar Baba Ɗanladi suna liƙa wa sunan Yaya. Na'ura ba ta san an taɓa soke kowa ba.

Kwanan baya Hadiza ta nemi tsohon katin, ta shigar da shi cikin jerin manazartanta: Ɗanladi, Mahuta.

"Kaka, in aka soke fa?"

Na ce ta sake sawa.

Allah ya jiƙan su biyun. Ba wanda ya rage da zai nemi a nuna masa, sai ni na ɗora yatsana a kan sunan.