Hoton Balki a Kasuwar Bakin Kogi

Ajuma 'yar Tanda ce, aure ya kawo ta Gaya. Mijinta Alfari masunci ne, ita kuma tana kyafa kifin da ya kamo ta kai kasuwar bakin kogin Kwara. 'Yarsu ɗaya, Balki, yarinya ƙarama wadda ba ta ji, ba ta magana. Da hannu suke hira da uwarta.

A shekarun nan, kafin Faransawa su tafi, Nasara kan zo daga Dosso da mota ran Lahadi don kallon kasuwar. Su zaga rumfunan tabarmi da tukwane, su ɗauki hoto, jama'a na bin su ɗuu. Wata Lahadi wata madam ta tsaya daidai kwandon Ajuma da na'urarta ta ɗaukar hoto, mutane suka yi cincirindo har kifin ya zube. Ajuma ta sunkuya tana tsincewa. Da ta ɗago, ba Balki.

Ta yi ta kiran sunanta, alhali ta san yarinyar ba za ta ji ba. Alfari da 'yan'uwansa suka bi kogin da jirage suna laluben ciyawar gaɓa. Ba a ga ko ɗankwalinta ba.

Daga nan Ajuma ta bar kyafa kifi, ta koma bin kasuwanni a ƙafa. Ta je Yelu, ta je Karakara, ta ƙetare zuwa Malanbil da Kamba. Duk inda ta ga yara sai ta tsaya tana duba fuskoki. Ƙafafunta suka tsage, zanenta ya zama tsumma. Alfari ya ce, "Ajuma, mu bar wa Allah." Ta ce, "In an tambaye ta daga ina take, da wane baki za ta faɗa? Ni kaɗai ce bakinta."

Sai ta tuna da madam ɗin nan. Ta samu Kabo, tafintan kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin garin, ta durƙusa a gabansa.

"Malam Kabo, ƙarfen nan nata ya ga abin da ban gani ba. Ka roƙa mini ita."

"Inna, tashi. Zan faɗa mata, amma kada ki sa rai."

Sai bayan damina ya zo da hoton. Ga Ajuma a sunkuye, ga kifi a ƙasa. Can gefe ga Balki tana murmushi, wani hannu na babban mutum riƙe da nata. Daidai gwiwar hannun hoton ya yanke. Ba zobe, ba munduwa, ba a ma iya cewa na mace ne ko na namiji.

Ajuma ta juya takardar ta duba bayanta. Ta ce, "Ina sauran?"

Kabo ya ce, "Iyakarsa ke nan, Inna."

Ta zauna nan ƙasa tana kallon hoton. Can ta ce, "To ba ruwa ya ci ta ba. Mutum ne. Mutum kuwa yana cin kasuwa."

Ta naɗe hoton a haɓar zanenta ta ci gaba da yawo, tana nuna shi ga fatake da 'yan mota, har fuskar Balki ta goge saboda yatsun mutane. Alfari ya rasu, Faransawa suka tafi. Mutanen Gaya sun ce ganinsu na ƙarshe da ita, ta shiga motar goro mai zuwa kudu, don wani direba ya ce mata ya ga wata bebiya tana tallan ƙosai a Kandi.